Ranar da Na Sauko Daga Kan Tanki da Ɗankwali a Kaina

Ni mutum ne mai mantuwa. Nakan manta inda na ajiye hulata tana kaina, na taɓa zuwa kasuwa a kan babur na dawo gida a motar haya. Amma akwai rana guda da ko an wanke mini ƙwaƙwalwa da soso da sabulu ba za ta fita ba, wato ranar da na maƙale a kan tankin ruwa a Samaru, ni ƙato da gemuna da 'ya'yana uku, har sai da wata dattijuwa ta hau ta sauko da ni.

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ina aikin walda a wani shago a Sabon Garin Zariya, can bayan PZ. Mu shida ne, duk maza. Ogan namu mutumin kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, kuma idan ya zage ka da Hausa sai ka je gida ka tambayi kakarka fassara. Yana da tumbi wanda yake riga shi shiga shago da minti biyu. A wurinmu zagi shi ne gaisuwa. Idan ka zo da safe ba wanda ya ce maka mai kan kwakwa, to ka binciki kanka, ana fushi da kai ne. Tartsatsi zai faɗa maka cikin takalmi, kana jin ƙaurin naman ƙafarka, amma ba ka isa ka yi tsalle ba, sai dai ka ci gaba da aiki kana murmushi kamar an yi maka albishir. Ƙyauren da mutum uku za su ɗauka, kai kaɗai za ka kinkima, don kada a ce ka nemi taimako.

A saman ƙofar shagon akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai wani jan ɗankwali mai furanni, wanda wata mata ta manta da shi tun kafin in fara aiki a wurin. Dokarsa ɗaya ce. Duk wanda ya ce “ba zan iya ba” ko “ina jin tsoro”, za a ɗaura masa shi, ya yi aiki da shi a bakin titi har la'asar, 'yan acaɓa suna wucewa suna yi masa hon. Kuma ni ne gwanin ɗaurin. Har salo nake yi, in karkato shi gefe kamar na uwar biki. Na taɓa ɗaura wa wani bawan Allah saboda ya ƙi yanka duron da aka taɓa zuba fetur a ciki, ya ce zai iya fashewa. Gaskiya ya faɗa, duk mun san gaskiya ya faɗa, amma muka yini muna kiransa amarya. Yau idan na tuna fuskarsa sai dariyar ta tsaya mini a wuya.

To ga abin da ba wanda ya sani a shagon. Ni tsoron bisa nake yi, irin tsoron da ba shi da magani. Ko kujera na taka sai na ji duniya tana lilo. A gidana matata ce take canja ƙwan lantarki, ni kuma in riƙe kujerar ina ba da umarni. Mai hankali da ya san yana da irin wannan sai ya yi shiru. Ni kuwa sai na rufe abin da ƙarya. Na ce musu na taɓa hawa ƙarfen sabis na wayar salula a Abuja, har can ƙololuwa inda jar fitila take, na ci shinkafa da wake a wurin, na ɗan yi ƙailula. Kullum labarin ƙara tsawo yake yi. Da farko ina hango Suleja ne, daga baya na fara hango Kaduna, wata rana da na ji daɗin shayi har Zariya na hango. Abin da ya rufa mini asiri shekara tara shi ne muna da wani siriri a cikinmu mai son hawa kamar ƙadangare. Duk aikin sama shi yake karɓa tun kafin a tambaya.

Sai ga shi wata rana cikin bazara siririn nan ya tafi garinsu bikin ƙanwarsa, kuma a makon aiki ya zo daga Samaru. Wani gidan kwanan ɗalibai mata ne na wani ɗan kasuwa. Ƙarfen da ke riƙe bututun da yake kai ruwa cikin tankinsu ya karye a can sama, bututun ya goce, kwana uku ba ruwa. Oga ya tsaya tsakiyar shago ya ce, “Wa zai hau?” Nan take kowa ya sami abin yi. Wani yana neman guduma tana hannunsa.

Akwai abokin tsokanata, wani ɗan unguwar Jushi mai baki kamar reza, wanda na ɗaura wa ɗankwalin nan sau biyu. Ya ɗago kai a hankali ya ce, “Oga, me ya kawo tambaya? Ai muna da mutumin Abuja. Wannan tanki ai a wurinsa kamar hawa gado ne.”

Na ce, “Ƙaramin aiki ne, shi ya sa ban yi magana ba. Na bar wa yara ne.”

Ya ce, “Yaran sun bar wa manya.” Ya miƙa hannu ya zare ɗankwalin daga ƙusa, ya ninke shi da kyau ya sa a aljihu. “Ko da za a buƙata,” in ji shi.

Kalma uku kawai zan faɗa a wurin in tsira, a ɗaura mini tsumma na yini ɗaya a wuce wurin. Na zaɓi in hau. Ku duba irin lissafin namiji.

Muka loda janareta da injin walda da doguwar waya a bayan a-kori-kura, ni da Oga da ɗan Jushi da direba. Tun daga Kwangila nake addu'ar taya ta fashe. Ba ta fashe ba. Motar da kullum sai an tura ta, ran nan tafiya take kamar sabuwa.

Gidan duniyar mata ce zalla. Mai kula da shi wata dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, gajera, kakkaura, kowa yana ce mata Mama. Tana da masu girki biyu a ƙarƙashinta. Muna shiga aka ba mu kujeru, aka kawo ruwan da suka saya wurin 'yan garuwa, aka tambaye mu iyali da hanya. Mu da muka saba da zagi sai muka rasa inda za mu sa hannuwanmu. Amma ban daɗe ba na lura masu girkin nan biyu ba sa magana da juna. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin murhu, sai ɗaya ta ce, “Mama, ki ce wa wasu su janye tukunyarsu.” Ɗayar ta ce, “Mama, ki ce wa wasu tukunyar ba a kansu take ba.” Wata biyu ke nan suna gaba, wai a kan ludayi. Na taɓa ɗan Jushi na ce, “Ka ga mata ko? Mu da tuni mun zagi juna an wuce wurin.” Ina ji da kaina sosai a lokacin.

Sai aka nuna mana tankin. Idan ina ba da labarin a majalisa nakan ce tsawonsa bene goma ne. Matata, wadda daga baya ta je ta gani da idonta, ta ce bai wuce bene uku ba. Ni dai da na hau na san abin da na hau. Ƙafafu huɗu ne na ƙarfe, da tsani siriri da aka yi wa walda a jikinsu, can sama kuma ɗan dandamali da bai fi faɗin tabarma ba, gefe guda ma ba makari, tsatsa ta cinye shi.

Dabara ta zo mini. Tun daga ƙasa na sa baƙin gilashin walda. Wanda ya taɓa sa shi ya san ba ka ganin komai sai abin da ke gaban hancinka. Oga ya ce, “Tun yanzu?” Na ce, “Haka muke yi a Abuja.” Na rataya wayar a kafaɗa, na kama tsani, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Kuma abin ya yi aiki. Ban ga ƙasa ba, ban ga sama ba, sai ƙarfe bayan ƙarfe, har na ji ni a kan dandamali. Na ce a tayar da janareta. Na mayar da bututun wurinsa, na yi masa waldar da har yau ban ƙara yin mai kyanta ba. Aka kunna injin tura ruwa, na ji ruwa yana zuba cikin tanki, ɗalibai suka fito baranda suna tafi.

Tafin nan ne ya kashe ni. Na ji kaina ya kumbura, na ce bari in ɗaga musu hannu su ga fuskar gwani. Na cire gilashin.

Na ga a-kori-kurarmu ta koma kamar kwalin ashana. Na ga sanƙon Oga yana ƙyalli kamar ƙwan zabo. Gilashin ya suɓuce daga hannuna, na bi shi da ido yana juyawa, yana juyawa, kafin in ji ƙarar fashewarsa na isa in yi alwala. Ban san lokacin da na durƙusa na rungume ƙarfen kusurwa da hannu biyu ba, irin rungumar da ban taɓa yi wa kowa ba a duniya.

A nan wasa ya ƙare, ko da yake na ƙasa ba su sani ba tukuna. Rana ta take, ƙarfen ya yi zafi kamar kaskon tuya, zufa tana zubo mini a ido, tafin hannuna yana santsi. Bayana kuma shi ne gefen da ba makari. Na san idan jiri ya ɗebe ni na daƙiƙa ɗaya, sai dai a je Sabon Gari a yi wa matata bayani. Na tuna ƙaramar 'yata da ta ce in sayo mata rake idan zan dawo.

Ɗan Jushi ya ɗaga murya. “Mutumin Abuja, ƙailular ce aka fara?”

Ku ji abin da na ce, ina tsakanin rai da mutuwa. Na ce, “Ina duba aiki ne.”

Minti goma ina duba aiki. Minti ashirin ina duba aiki. Sannan dariyar ƙasa ta fara raguwa, suka gane. Sai aka shiga ba da umarni. Oga yana cewa in fara sauko da ƙafar dama. Ɗan Jushi yana cewa hagu. Direba yana cewa in yi ta maza kawai, abin ba komai ba ne. Maza suka fara taruwa daga titi, mai shayi, 'yan acaɓa, wani mai gyaran takalmi, kowa ya zama masani a kan saukowa daga tanki. Na ji wani yana ba da shawarar a ɗan jefe ni da tsakuwa, wai zafi zai sa in motsa. Ɗan Jushi kuma, da ya ga abin ya ƙi, sai ya zaro jan ɗankwalin yana kaɗa mini shi. Daga baya ya rantse mini cewa taimako yake nufi, yana ganin kunya za ta sauko da ni. Na yarda da shi, domin da ni ne a ƙasa abin da zan yi ke nan. Ba mu san wani magani ba sai shi. Amma duk kalmar da suka jefo sai hannuna ya ƙara ƙanƙame ƙarfen.

Duk cikinsu ba wanda ya taka tsanin. Oga ya ce ba zai ɗauki nauyinsa ba. Ɗan Jushi ya ce shi yana riƙe da tsanin ne kada ya motsa. Tsanin da aka yi wa walda, aka binne gindinsa a siminti.

Ta gefen ido na ga wani abu yana faruwa a ɗaya ɓangaren. Ba ihu, ba shawara. Ɗalibai suna fitowa da katifunsu ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a gindin tankin, suna ɗora wata kan wata. Masu girkin nan biyu da ba sa magana suna riƙe da katifa guda, wannan ta kama kai, wannan ta kama ƙafa. Sai na ji muryar Mama, ba ta ma ɗaga ta sosai ba.

“Duk wanda ba zai hau ba, ya yi shiru.”

Wurin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Can sai na ji tsanin yana ɗan motsi, da wata murya tana matsowa. “Ya Yesu, ina tsoro. Ɗaya. Ina tsoro. Biyu. Ina tsoro. Uku.” Na ce shi ke nan, har tsohuwa ta shiga yi mini ba'a. Muryar ta yi ta matsowa har kanta ya ɓullo a bakin dandamali. Ta cire takalmi, tana sanye da wando a ƙarƙashin zaninta, ta goya gorar ruwa a baya da wani zanin kamar jariri. Tana haki ta zauna kusa da ni.

“Sannu da aiki, ɗana.”

“Yauwa Mama. Ina ɗan duba waldar ne.”

“Na gani. Ka duba ta da kyau.”

Ta kwance goyon, ta miƙo mini gorar. Na kalli gorar, na kalli hannuwana, ba wanda ya yarda ya saki ƙarfe. Sai ta kafa mini ita a baki na sha kamar ɗan akuya. Sannan ta zagaya zanin ta ƙuguna ta haɗa da ƙarfen, ta ƙulle tamau.

“Yanzu ko ka suma ba inda za ka. 'Ya'ya biyar na goya da wannan ɗauri, ba wanda ya faɗi, har da mai ƙaton kai irin naka. Saki hannu ɗaya ya huta.”

Na saki yatsa biyu. Ta ce an fara.

“To faɗa mini abin da ke damunka.”

“Ɗan jiri ne, Mama. Ban karya da safe ba.”

“Ba jiri ba ne.”

“Ƙafata ce ta riƙe.”

“Ɗana, nan daga ni sai kai sai Allah. Waɗancan ba sa ji. Faɗa.”

Shekara tara maganar tana maƙale a wuyana, ta yi saiwa. Da ƙyar na ce, “Tsoro nake ji.”

Wallahi ina faɗa na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Numfashina ya dawo. Ba abin da ya faɗo daga sama, gemuna kuma yana nan inda yake.

Ta ce, “To mun zama mu biyu.” Ashe ba ba'a take yi ba. Abin da ke tsayar da ruwa idan tankin ya cika ya daɗe da lalacewa, don haka ita take hawa sau biyu a mako ta duba. Shekara huɗu tana yi, kuma ba ranar da ba ta ji tsoro ba. Ta ce, “Ina faɗa ne ina hawa. Idan na faɗa sai ya tsaya a bakina, ba ya sauka ƙafata.”

Sai ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, furfura ta bayyana. Ta ce idona ne yake ba ni wahala, za ta rufe shi. Yadin shara-shara ne, zan ga ƙarfen da ke gabana amma ba zan ga ƙasa ba. Na dubi ɗankwalin nan. Duk abin da na hau tankin don in guje masa, ga shi ya biyo ni har sama.

Na ce, “Mama, ba wani abu sai ɗankwali?”

Ta ce, “Akwai likkafani. Wanne kake so?”

Na ce ta ɗaura.

Ta kwance zanin ƙuguna, ta riga ni sauka da mataki biyu, ta kama diddigena da hannu ta ɗora shi kan ƙarfe na farko. Ta ce kowane mataki sai na faɗa. Na ce a hankali, “Ina tsoro, ɗaya.” Ta ce ba ta ji ba. Na ƙara. A mataki na biyar ta tambaye ni 'ya'yana nawa. A na goma ta tambayi abin da aka dafa jiya a gidana, da na ce tuwon masara da miyar kuɓewa sai ta shiga yi mini bayanin yadda suke yin tasu a garinsu, har muka ɗan yi musu a kan daddawa. Wajen mataki na ashirin na ji ɗalibai sun kama ƙirgawa tare da mu. Ni kuma zuwa lokacin na daina jin kunya, ina faɗa da ƙarfi kamar mai tallan gyaɗa. Ina jin har Jushi an ji ni. Mataki talatin da takwas ne. Na san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan cikina.

Da tafin ƙafata ya taɓa katifa sai na zube a kai. Ban taɓa sanin ƙasa tana da daɗi haka ba. Na mirgina na sauka kan turɓaya, na yi sujada, na ƙi tashi. Na ji ƙamshin ƙasar Samaru ya fi turare. Ina dariya, hawaye yana zuba, ɗankwalin Mama ya zame ya zauna mini a ka daidai yadda nake ɗaura wa mutane. Babban abin da nake gode wa Allah a kai bayan raina shi ne a lokacin waya mai ɗaukar hoto ba ta yawaita ba. Da yanzu ne, da jikokina sun gaji abin.

Na jira ba'a, ba ta zo ba. Ɗan Jushi ya riga ya mayar da jan ɗankwalin aljihu. Oga yana ta duba janareta da ba abin da ya same shi. Can ya yi gyaran murya ya ce, “To, wayar walda fa? Tana sama.” Kowa ya dubi takalminsa. Oga ya ce a bar ta har siririn ya dawo daga biki. Mama tana sa takalminta ta ce, “Na kwance ta tun ina can. Ku ja daga nan.”

Masu girki kuwa, suna ganin na tsira, ɗaya ta saki katifar ta ce, “Mama, ki ce wa wasu su mayar da abin da suka ɗauko.” Aka koma inda aka tsaya.

Suka zaunar da ni a inuwar kicin, aka zubo mini shinkafa da miya. Bakina ya dawo, na shiga zuba yabo, ina cewa daga yau na sallama, mata sun fi mu hankali, mu maza banza ne. Mama ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Kada ka yabe mu da yawa, ɗana. Mu a nan kowa tana iya cewa tana tsoro, ba mai yi mata dariya. Amma je ka ce wa ɗaya daga cikin waɗancan biyun ta ce ‘ni ce da laifi’. Wata biyu suna kan nasu tankin, na kasa sauko da su.”

Muka kama hanyar komawa har muka wuce Kwangila. Sannan Oga, yana kallon waje ta taga, ya ce, “Ni tun da na faɗo daga rufin wani coci ina saurayi, ban ƙara hawa ko katanga ba.” Shekara tara ina tare da mutumin nan ban lura ba. Direba ya ce shi ma gaskiya ba ya son bisa. Muka juya muka dubi ɗan Jushi. Ya ce, “Ni ai kun gani, tsani na riƙe.” Muka yi dariya har direba ya kusa hawa kan mai lemu.

Na tsaya na sayi raken. Da na ba matata labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta yi kuka, sannan ta ce, “Wai da kana zaton ban sani ba? Wa yake canja ƙwai a gidan nan?” Ita ta wanke ɗankwalin Mama ta goge, muka mayar mata tare ranar Asabar. A nan ne ta auna tankin da ido ta rage mini bene bakwai.

Washegarin abin, na riga kowa zuwa shago. Da suka iso suka tarar da ni zaune a bakin titi ina walda da jan ɗankwali a kaina, na karkato shi gefe da hannuna. Na ce musu ba zan iya hawa ba, ban taɓa iyawa ba, ƙarfen sabis na Abuja kuma a cikin mota na wuce shi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa sun rungume ni ba. Sun yi mini dariya har la'asar, kuma shekara guda cur sunana Hajiya a layin nan. Amma ban taɓa yin aiki da sauƙin zuciya irin na ranar ba. Na daina faɗuwar gaba duk lokacin da aka ce an kawo aiki. Na nemi mutumin da na ɗaura wa a kan duron fetur na ba shi haƙuri, ya ce ya manta, na san bai manta ba. Ɗankwalin ya koma kan ƙusarsa, amma hannu ya yi nauyin zaro shi, tunda gwanin ɗaurin ya yi ritaya. A ƙarshe da shi muke kama ƙarfe mai zafi har ya ƙone.

Yanzu ina da nawa shagon a Dogarawa, kuma har gobe muna zagin juna da safe, wannan ba za a raba mu da shi ba. Amma duk wanda ya zo aiki wurina, ranar farko nakan ba shi labarin nan, da bene gomansa. Abin da na koya a kan tankin shi ne tsoro bai kai ni sama ba, kuma bai riƙe ni a can ba. Kunyar faɗinsa ce ta yi duka biyun. Kowane taro, na maza ko na mata, yana da maganar da ya hana a faɗa, kuma sau da yawa ita ce maganar da za ta sauko da mutum lafiya. Tawa kalma uku ce. Na riƙe ta shekara tara, ta kusa mayar da 'ya'yana marayu, da na faɗe ta kuma abin da na biya bai wuce yini ɗaya da ɗankwali da shekara guda ta sunan Hajiya ba. Har yau matata ce take canja ƙwan lantarki. Bambancin kawai, yanzu idan na riƙe mata kujera ba na ba da umarni.